Apollonia Mai Rakiyar Sarewa

Shekara arba'in da ɗaya muka yi muna maƙwabtaka da Apollonia Kretzschmar a Layin Majema, cikin garinmu Wendelsrode. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da mijina Traugott yake ɗinkin takalma da ɗakin da take ajiye cembalo ɗinta, wani akwatin kiɗa mai kama da piyano, kuma bangon ba wani kauri gare shi ba. Ni sunana Justina. Ban iya karanta takardar kiɗa ba, amma duk garin nan babu wanda ya saurari matar nan kamar yadda na saurare ta, shi ya sa nake ganin ni ya kamata in ba da labarinta.

Mahaifinta shi ne mai kaɗa ogan, babban abin kiɗan ibada, a majami'armu. Matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu, Ehrenfried da ƙanwarsa Apollonia. Namijin ya ɗora shi a kan sarewa, irin ta katako mai gaɓa uku wadda ake busawa a gicciye. Ita kuwa ya zaunar da ita gaban cembalo tun ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, ba don yana da wani buri a kanta ba, sai don mai sarewa ba ya busa sonata, wato dogon kiɗa mai kashi-kashi, shi kaɗai, dole a sami mai raka shi daga ƙasa. Takardar mai rakiya layi ɗaya ne tal, na hannun hagu, da 'yan lambobi a ƙarƙashinsa. Abin da hannun dama zai kaɗa babu wanda ya rubuta. Mai rakiya ne zai dubi lambobin ya haɗa sauran da kansa nan take, kunnensa yana wajen mai sarewa. Ta taɓa ce mini aikin nata kamar riƙe wa mutum tsani ne: shi ake kallo a can sama, amma kina yin atishawa zai faɗo.

Lokacin da aka kawo ni layin ina amarya, tana da shekara ashirin da biyu, doguwa, mai manyan hannuwa, ba ta cika dariya a waje ba. Duk Lahadi bayan an taso daga majami'a, ita da yayanta suke hawa tudu zuwa gidan basaraken yankinmu su yi wa baƙinsa kiɗa. Ehrenfried ake tafa wa, shi ake miƙa wa kofin ruwan inabi. Ita sai a naɗe mata ragowar kek a ƙyalle ta taho da shi, mu zauna a bakin ƙofa mu cinye. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kan haka ba. A gida ne take fanshewa. Ta bango nake jin su suna gwaji suna faɗa.

"Yaya, numfashinka ya ƙare tun a layi na uku, ni na rufa maka asiri."

"Ke dai aikinki ki bi ni."

"Ina binka mana. Amma idan ka nufi rami kai kaɗai za ka faɗa."

Sai su koma farko. Wani lokaci su yi wuri ɗaya sau goma sha biyar, har Traugott ya ce ya fi su iya shi.

Shekara uku da zuwana aka kira Ehrenfried zuwa birnin Dresden, ya shiga cikin makaɗan babbar fada. Apollonia ta ɗauka da ita za a tafi, har ta fara gyara rigarta ta fita. Shi ya gaya mata cewa a can maza ne suke wannan aiki, masu gashin aro da muƙami, ba za a bar mace ta zauna a gaban cembalo ba. Ban da haka ma, idon Baba ya fara dushewa, wa za a bar masa? A bakin rijiya ta ba ni labarin, tana jan guga, muryarta kamar tana faɗin farashin kabeji. Ta saƙa masa safa biyu, ta raka shi har inda keken doki yake tsayawa, ta dawo ta ɗora miya.

Shekarun farko yana rubuto wasiƙa sau huɗu a shekara, kuma a cikin kowace yakan sa sabuwar sonata da ya ƙirƙira. Sai ta zauna ta kaɗa nata rabon ita kaɗai. Mu da ke bayan bango muka saba da wani irin kiɗa mai ƙasa babu sama. Traugott yakan ce matar nan kullum gini take yi, ba ta taɓa kaiwa rufi ba. Inda sarewa ya kamata ta yi tafiya ita kaɗai, Apollonia takan ɗaga hannu ta ƙirga a zuci, ba ta tsallakewa. Har na zo na san tsawon kowane shiru. Idan ta yi shirun, ni ma sai in ga na dakata da wuƙa a hannu ina jira.

An taɓa neman aurenta. Herr Nothnagel mai sayar da kyandir, wanda matarsa ta rasu, ya zo sau uku da tufafin Lahadi. A zuwa na uku ya auna ɗakin da tafin ƙafarsa, ya ce idan aka fitar da akwatin kiɗan nan za a sami wurin kanta biyu. Ta ba shi hularsa, ta yi masa godiya.

Wasiƙun suka koma sau ɗaya, lokacin Kirsimeti, daga baya suka ɗauke gaba ɗaya. Mahaifin ya makance sarai. Ita take riƙe hannunsa su hau benen ogan, kuma a shekarunsa na ƙarshe ita ce take kaɗawa, yana zaune a gefenta da hannuwansa a cinya. Kowa ya sani, babu wanda ya ce uffan. Da ya rasu, dattawan gari suka ɗauko wani mutum daga wani gari, shi kuwa tun ranar farko ya karɓi makullin benen daga hannunta. Daga nan ta koma kwafar takardun kiɗa ga masu so, da ɗinka shafin safar hannu. Ehrenfried bai zo jana'iza ba. Ya aiko da layi huɗu, ya ce hanya ba ta da kyau.

Haka ta zauna shekara goma sha ɗaya ita kaɗai a gidan. Takan leƙo wajena da rana ta karɓi garwashi ko ta kawo mini tuffa daga bishiyar bayan gida, amma ba ta daɗewa. Ni ina da 'ya'ya biyar da hayaniyarsu, ban cika tunanin yadda yini yake yi mata tsawo ba. Wannan laifina ne, yanzu na sani.

A kakar shekarar 1757 sojojin Faransa suka shigo garin. Wai abokan sarkinmu ne, amma a mako ɗaya suka gama da kajin layinmu. Wani hafsa ya bi gida-gida da alli yana rubuta yawan mutanen da kowa zai saukar. Mu aka ba mu biyu, suka cinye mana dinya uku. Apollonia aka ba ta likitan soja, sunansa Aubin Carrel, gajere mai sanƙo, ya haura hamsin, yana ɗingishi. Ta sa shi a ɗakin mahaifinta, ta sa wa nata sakata. Kwana uku ko kallon juna ba su yi ba. Da safe ya tafi rumbun hatsin da suka mayar asibiti, da la'asar ya dawo yana warin ruwan tsami da jini.

A rana ta huɗu ya dawo ya tarar da tarin takardu a kan cembalo. Ya ɗauki ta sama, ya riƙe ta nesa da ido, ya fara rera layin sarewa a hanci. Sannan ya jawo akwatin aikinsa ya buɗe.

"Da na ga ya buɗe akwatin wuƙaƙen nan," in ji ta daga baya, "na ce shi ke nan, Apollonia, yau za a rage miki ƙafa."

A tsakanin zarto da wuƙaƙe ya zaro wani ƙunshin ƙyalle. Sarewa ce, gaɓa uku, bakinta ya ɗan tsage an ɗaure da zare.

Ina yanka kabeji na ji ta. Na ɗauka kunnena ne. Kiɗan ƙasan nan da na haddace shekara ashirin, sai ga wata murya ta hau kansa, siririya, tana tafiya a hankali, tana cika duk wuraren nan da muka saba jin shiru. Traugott ya ajiye guduma. Bai sake ɗauka ba sai da suka kai ƙarshe.

"Ashe haka waƙar take," ya ce.

Gaskiya likitan bai ƙware ba. Numfashinsa gajere ne, yatsunsa sun yi tauri, kuma yana da halin ja da baya a inda ya ji daɗi. Muna jin ta tana buga ƙafa a daɓe tana gyara masa tafiya. Kalmomin da suka haɗa su ba su kai goma ba. Idan ya yi kuskure sai ta ɗora yatsa a kan takarda, shi kuma ya rusuna ya koma baya. Kullum da la'asar, sa'a guda kafin haske ya tafi, suke zama. Suka bi sonatocin Ehrenfried ɗaya bayan ɗaya. A makonnin nan na ga Apollonia ta sayo tsiran alade a ranar da ba Lahadi ba, na kuma ji ta tana dariya da ƙarfi, har na leƙa taga in tabbatar ita ce.

Sai dai ba mu kaɗai muke da kunne ba. A lokacin sojoji sun kwashe hatsi, sun tafi da dawakin noma, sun yi wa mai injin niƙa duka har ya kwanta. A bakin rijiya Frau Ziegenbein, matar mahauci, ta ce mu ana kwashe mana abinci, wata kuma tana yi musu biki. Wata ta ce ai ba kiɗa kaɗai ake yi a gidan ba, a shekarunta ko kunya babu. Na shiga na gaya mata abin da ake faɗa, na roƙe ta ta dakata ko na 'yan kwanaki.

Tana gyara tsirkiyar cembalo da ɗan makulli, ba ta ɗago ba. "Justina, shekara ashirin ina kaɗa rabin abu. Ko Shaiɗan ne ya shigo da sarewa, sai mun gama sonatar sannan in tambaye shi sunansa."

Na ce to, ta gaya mini a asirce, akwai wani abu ne tsakaninta da likitan?

"Abin da kuke zato babu shi. Ya nuna mini hoton 'yarsa, ni na nuna masa kabarin Baba ta taga. Da akwai abin naku ma da ya fi sauƙin bayani."

Mako shida suka yi. A ƙarshen Oktoba aka buga ganga da safe, sojoji suka tattara. Suna tsakiyar sonata ta shida, sun gama kashi biyu, saura biyu. Likitan ya bar mata ɗan kwalbar man shafawa don gaɓoɓin yatsunta, ya rusuna a bakin ƙofa, ya bi bayan keken kayansa yana ɗingishi.

Ba a yi mako biyu ba labari ya zo cewa an gwabza, an tarwatsa Faransawa. Kwana uku kekunan masu rauni suna ratsa garin. Apollonia ta tsaya a ƙofar gari cikin ruwan sama, tana leƙa kowane keke tana faɗin sunan likitan. Wasu suka girgiza kai, wasu suka yi mata dariya, yawancinsu ko ɗago ido ba su iya yi ba. A rana ta uku na je na jawo ta gida, rigarta tana ɗiga. Ko ya mutu, ko ya koma wajen 'yarsa, har yau babu wanda ya sani.

Garin bai yafe mata da wuri ba. A majami'a bencinta ya zama nata ita kaɗai. Masu kawo mata kwafe suka daina. Wata safiya muka tashi an shafa mata kashin shanu a ƙofa, Traugott ya ɗebo ruwa ya wanke kafin ta fito, amma ta ga jiƙar. Bayan kamar shekara biyu mutane suka gaji suka kama wani zancen, sai dai waɗanda suka janye ba su dawo ba. Wata biyar cur ban ji ta taɓa cembalo ba. Da ta koma, sonata ta shida ce kaɗai ba ta sake kaɗawa ba.

A damina ta uku bayan haka aka yi wa Dresden ruwan wuta. Wata rana da hantsi keken mai kabeji ya tsaya a layinmu, wani tsoho ya sauko da jaka ɗaya da gashin aro da asu ya ci. Sai da ya yi magana na gane Ehrenfried ne. Ɗakinsa ya ƙone da duk takardunsa. Apollonia ta buɗe ƙofa, ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Shekara ashirin da uku rabonsu da juna.

"Goge ƙafarka, Yaya, yanzu na wanke daɓen," abin da ta ce ke nan.

Haƙoransa na gaba duk sun zube, kuma mai sarewa da haƙoran gaba yake tare leɓe. Ashe shekara huɗu rabonsa da busa, an mayar da shi mai jera kujerun makaɗa, kunya ta hana shi rubutowa. Ta fito masa da sonatocinsa, waɗanda yanzu babu sauran kwafinsu a duniya sai nata. Ya jujjuya su ya ajiye. Ya ce wannan tsohon yayi ne, yanzu masu ƙirƙira suna rubuta wa kowa komai, babu mai neman wanda ya iya karanta lambobi.

Sau ɗaya suka gwada. Da la'asar ne. Na ji ta fara, na jira sarewa, sai iska kawai, kamar ana hura wuta da jiƙaƙƙen itace. Ya sake gwadawa. Ta rage ƙarfi, ta ja tafiyar don ya samu ya shigo. Sai na ji ya ce, "Bari, Polonia." Ta rufe murfin.

A gidan giya ya ji labarin likitan, da duk ƙarin da aka yi masa. Ya dawo ya same ta tana jiƙa masa burodi a miya, don ba ya iya tauna ɓawon. Ita ta ba ni labarin yadda suka yi. Ya ce an gaya masa wani Bafaranshe ya busa sonatocinsa a ɗakin nan. Ta ce ya busa. Ya tambaya ko ya iya.

"Bai iya ba. Ko rabinka bai kai ba. Amma yana saurarena, Yaya. Idan na sa wani abu a hannun dama, sai ya ba shi wuri."

Ya ci gaba da shan miyarsa.

Shekara tara suka zauna tare. Na yi zaton dawowarsa za ta rage mata kaɗaici, amma ban ga alama ba. Suna cin abinci a tebur ɗaya, maganarsu ba ta wuce itace da gishiri. Ba ta kaɗawa idan yana gida, don ta lura yana fita bayan gida ya tsaya a gindin tuffa har sai ta gama. Ranar Alhamis, da yake zuwa gidan giya ya ba mutane labarin fada, ita ce ranar kiɗanta.

Da sanyin shekarar 1769 ya kwanta. Ina shiga ina taya ta juya shi. Wata rana da azahar, dusar ƙanƙara ta haske ɗakin, ya ce ta buɗe ƙofar tsakiya ta kaɗa masa kashin nan mai tafiya a hankali na sonata ta uku. Ta je ta zauna. Ni ina gefen gado, na ga yatsunsa suna motsi a kan bargo. Da ta gama ta dawo ta tsaya a ƙofa tana goge hannu a zani.

"Wannan da kike sawa a hannun dama, ba ni na rubuta ba," ya ce.

"A'a. Nawa ne."

"Na Dresden ba su taɓa yin kamarsa ba."

Ta ce to, ta tafi ta duba tukunya. Na bi ta kicin na tarar tana tsaye gaban murhu, babu komai a kan wutar. Kwana huɗu bayan nan ya cika.

Ta ƙara shekara shida a gidan. Yatsunta suka ƙulle, gaɓoɓin suka kumbura, har allura ta gagare ta. Nawa mijin ma ya rasu a tsakanin, 'ya'yana suka watse, sai muka fi zama tare, amma a lokacin ta riga ta saba da shiru, za mu iya yini ba mu yi magana goma ba. Da hawa bene ya gagare ta, dattawa suka ba ta gado a gidan gajiyayyu da ke ƙetaren kogi. Cembalo babu wanda ya so shi, kowa sabon yayi yake nema. Kafinta ne ya ɗauke shi don katakon. Takardun ta kai wa mai ogan na lokacin, ya karɓa da ladabi ya sa a saman rufin majami'a, ban san abin da ya same su ba.

A gidan gajiyayyu aka haɗa ta ɗaki da wata kurmar tsohuwa, Walpurga, wadda take yini tana ba da labarin dinyoyin da ta taɓa kiwo. Apollonia takan zauna a bakin taga tana gyaɗa mata kai. Duk Laraba nake kai mata miyar wake. Takan tambaye ni wa ya haihu a layin, wa ya mutu, ko an sassabe bishiyar tuffa. Ba ta taɓa ɗago zancen kiɗa ba, ni ma ban ɗago ba.

Ta rasu a watan Afrilu, shekara biyu da komawarta can. Mu biyar ne a bakin kabari: fasto, masu haƙa biyu, ni da Walpurga. A hanyar dawowa tsohuwar ta rataya a hannuna, ta tambaye ni da ƙarfi, irin na kurame, wai matar nan me take yi ne da ƙuruciyarta, ita dai ba ta taɓa zama da mai shiru irinta ba.

Na sa baki a kunnenta na ce kiɗa take yi.

"Kiwo?" in ji ta. "Ai da ta gaya mini, da mun sha hira."

Na sake faɗa, ba ta ji ba. Iska ta taso daga kogi, ga gadar tana da santsi. Na gyara mata mayafi, na riƙe ta da kyau muka tsallake.